Na'ana'ar Alhamis da Ɗakin Gwaggo

Da jaka biyu aka kawo ni Makka ina amarya. Ɗaya tufafi ne a ciki, ɗayar kuwa littattafan soyayya na cika ta da su tun daga Kano, na rufe samansu da atamfa don kada yayata ta gani ta yi mini faɗa. Mijina a nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo aikin hajji suka zauna. Hausa tana yi masa nauyi a baki, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, irin wanda idan na yi a shago mai shagon yake murmushi kafin ya amsa. Gidanmu yana Ka'akiyya, can bayan gari. Da safe ya fita aiki, ni in zauna in sake karanta littafin da na riga na karanta sau uku, in yi kuka a daidai shafin da na yi a baya.

Da ya ga zaman ya yi mini yawa, sai ya ce duk ranar Alhamis zai riƙa ajiye ni wajen Gwaggo, yayar mahaifinsa, in yini da ita, ya ɗauke ni bayan magariba.

Gwaggo tana zaune a wani rubaɗi a unguwar Misfala. Rubaɗi gida ne na wakafi. Wannan wani attajiri ne da ya daɗe da rasuwa ya gina shi don tsofaffin mata da masu lalura waɗanda ba su da miji. Ba a biyan haya, kowace da ɗakinta da makullinta. Hawa uku ne, babu abin hawa sai matakala, shi ya sa ɗakunan ƙasa guda huɗu kowa idonta yana kansu. Gwaggo ta yi shekaru a sama kafin gwiwoyinta su gaza, layi ya zo kanta, aka sauko da ita. Ɗakin ɗan ƙarami ne, amma tagarsa tana kallon lungun da alhazai ke bi a ƙasa zuwa Harami, kuma daga kan gadonta tana jin kiran salla. Mijina ya sha roƙonta ta dawo gidanmu, tana cewa ba za ta koma inda sai a talabijin za ta ji ladanin Harami ba.

A bangon zauren gidan akwai wata takarda cikin gilashi, an rubuta sharuɗɗan mai wakafi da Larabci. Ɗaya daga ciki ya ce duk wadda ta yi aure za ta bar ɗakinta, a ba ta gaba a layi. Wata shida ina wuce takardar nan, wani lokaci har in duba fuskata a gilashin in gyara mayafi, ban taɓa karanta layi ɗaya ba.

Aikina wajen Gwaggo ba shi da yawa. In share, in wanke 'yan kwanuka, in shafa mata man zafi a gwiwa, ita kuma tana yi mini tsiya, tana kirana 'yar Kano. Wata rana ta ga littafi a jakata, ta sa na karanta mata. Ban kai shafi goma ba ta tsayar da ni, ta tambaya ko yaron nan yana da sana'a, don tun ɗazu ba ta ji ya yi komai ba sai tsayuwa a ƙofar gidan mutane.

Akwai abin da nake gani ban gane ba. Lokaci lokaci wasu iyaye mata kan zo daga unguwar Hindawiyya su zauna kusa da ita, su yi ƙasa da murya su ambaci wani saurayi da wata budurwa. Gwaggo ta lumshe ido tana ƙirga wani abu da yatsu, can ta ce babu komai a yi, ko kuma ta girgiza kai, matan su tashi jiki a sanyaye. Ni na ɗauka shawarar soyayya take bayarwa, har na ƙara ganin girmanta.

Sai kuma Baba mai na'ana'a. Haka nake kiransa a raina. Dogon tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi fari, a da yana tura keken masu ɗawafi a Harami har ƙarfinsa ya ƙare. Duk Alhamis bayan la'asar zai zo daga Hindawiyya yana dogara sanda, da burodin tamis mai zafi a leda, da damin na'ana'a guda. Maza ba sa wuce zaure, don haka Gwaggo takan fito da sandarta mai ƙafa huɗu ta zauna a benci. Gwaggon da ko mai kawo iskar gas ba ya ganin fuskarta, sai ta ɗage nikabi. Shi kuma ya sunkuya ya sumbaci tsakiyar kanta.

Ranar da na fara ganin haka, tiren shayi ya kusa suɓuce mini. Suna hira da Larabcin Makka mai gudu, ba na kama komai sai dariya. Ta gyara masa hula, ta ce ya rame. Ya miƙa mata na'ana'ar, ta kai hanci ta shaƙa ta lumshe ido. A littattafaina fure ake kawowa, amma na ce a raina kowace ƙasa da irin furenta.

Kafin mu isa Ka'akiyya a daren nan na gama tsara labarin. Sun so juna tun suna yara, aka raba su, kowa ya yi aurensa, kowa ya rasa abokin zamansa, yanzu ga su da furfura suna jin kunyar faɗa. Ban ce wa mijina komai ba, saboda a duk littafin da na karanta dangi ne ke ɓata irin wannan al'amari. Na ƙudurta cewa ni ce zan zama 'yar'uwar kirkin da ake samu a babin ƙarshe.

Mai kula da gidan, wadda ake ce wa mushrifa, matashiya ce, ba ta daɗe da kama aiki ba, jikar Hausawa ce ita ma, tana jin Hausa sama-sama. Wata Alhamis na leƙa ɗan ofishinta na tambaye ta, in ɗaya daga cikin matan gidan za ta yi aure, ko za a yarda a yi 'yar walima a tsakar gida. Ta ajiye biro ta tambaya wace ce. Na yi murmushi na kalli ƙofar Gwaggo. Ta tambaya yaushe. Wallahi ban san inda amsar ta fito ba, na ji bakina ya ce nan da wata guda in Allah ya yarda. Na ƙara da cewa kada ta yi wa Gwaggo maganar, kunya take ji. Ta tambaya ko ni 'yar'uwarta ce, na ce matar ɗanta ce ni. Na ga ta rubuta wani abu, na ɗauka walimar take rubutawa.

Sai mura ta kwantar da ni, na yi Alhamis biyu ban je ba. Ta uku, tun da safe Gwaggo ta kira mijina ta ce ya kawo mata 'yar Kano, ko da tana tari.

Da na shiga zaure na tarar da kaya jibge a ƙofar Gwaggo: katifa a naɗe, tukwane, akwatin ƙarfe, buta. A kan akwatin wata Hajiya ce zaune, wadda ake ce wa Hajiyar Damagaram. Babbar mace ce mai fara'a, a hawa na uku take, ita ma gwiwa ta hana ta sakat, sai ranar Juma'a take saukowa. Sauran ranaku kwando take zurowa da igiya ta taga a sa mata burodi ta ja. Da kwandon nan ta yi sati biyu tana zuro ƙananan kayanta. Tana ganina ta washe baki ta yi mini barka, ta ce Allah ya sanya alheri.

Gwaggo tana kan gado da wata takarda a cinya. A gefenta kwanon lalle ne da ƙullin turaren wuta. Ta nuna mini tabarma.

"Zauna, 'yar Kano. An ce aure zan yi. Na ce bari in ji daga bakin waliyyina, wa kika ba ni?"

Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da ba ni labari a hankali, kamar ba ita abin ya shafa ba. Sati biyu ke nan matan gidan suna shigo mata ɗaya bayan ɗaya, wannan ta kawo turare, waccan ta riƙe hannunta ta ce a yafi juna, zama ya yi daɗi. Babu wadda ta faɗa mata dalili, sai murmushi. Ita kuwa ta ɗauka likitan da ya duba ta kwanan baya ya faɗa wa mushrifa abin da ya ɓoye mata. Har ta fito da likkafaninta da ta wanke da zamzam ta ajiye a saman akwati, ta rabar da zannuwanta biyu masu kyau. Sai jiya mushrifa ta kawo takarda ta ce ta dangwala yatsa, ta barin ɗaki ce, tunda ango zai ɗauke ta.

"Na ce wane ango? Ta ce in tambaye ki."

Da ƙyar na ce, "Gwaggo, Baban da ke zuwa da na'ana'a ne. Na ga kina buɗe masa fuska."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Nono ɗaya muka sha da shi. Ƙanena ne, wata huɗu na ba shi."

Hajiyar Damagaram, da ke jin komai daga bakin ƙofa, ta yi salati a hankali.

A nan Gwaggo ta warware mini abin da kowa a gidan ya kamata ya tuna, ban da ni da mushrifa da ba mu sani ba. Lokacin da aka haife ta mahaifiyarta ta kwanta ciwo, maƙwabciyarsu da nononta bai ƙafe ba ta ɗauke ta, ta shayar da ita har ta haifi nata, wato Baban nan, ta ci gaba da shayar da su tare. A tsohuwar unguwarsu haka ake yi. Mace za ta tafi Harami ko aikin alhazai ta bar jaririnta wajen maƙwabciya, idan ya yi kuka a ba shi nono, har rabin yaran lungu suka tashi 'yan'uwan juna. Matan da nake gani suna zuwa daga Hindawiyya, tambaya suke zuwa yi kafin a sa rana, ko akwai nono tsakanin yaro da yarinya ta wajen iyaye ko kakanni, don Gwaggo na cikin 'yan kaɗan da suka rage da suka san wa ya sha na wa. Matan rubaɗin kuwa babu wadda ta kawo Baba a ranta. An ce musu aure ne kawai, kowace ta zaɓa wa Gwaggo mijin da ta ga dama.

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai za a yi. Amma da aka kira mushrifa ta shigo, fuskarta ba ta dariya ba ce. Ta ce ta riga ta kai maganar wajen wakilin mai wakafi, ya sa hannu. An ba Hajiyar Damagaram ɗakin Gwaggo, ɗakin Hajiya na sama kuma an ba wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, gidan da take haya za a rushe. Shekaranjiya ta tare. Hajiya ta kwana biyu a ɗakin salla tana jiran amarya ta fita. A takarda dai, Gwaggo ba ta da ɗaki.

Na kalli tagar, alhazai suna ta wucewa da 'yan jakunkunan takalmansu. Na tuna ɗakin baƙinmu na Ka'akiyya, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Na ce wa mushrifa ƙarya na yi, ba wanda ya aike ni, ta rubuta haka in sa hannu. Ta ce wakilin mutum ne mai bin takarda, ta gaya masa dangi ne suka kawo labari har da lokaci, yanzu in ta ce babu aure zai ce a kawo mutumin a ji ta bakinsa.

Haka muka zauna jiran la'asar. Gwaggo ta sa na dafa shinkafa, ta ce a zuba wa Hajiya, ta ci nata har da ƙari.

Baba ya iso a lokacinsa, da tamis da na'ana'a. Ya tarar da zaure cike da tsofaffi, har da waɗanda ba su saba saukowa ba, wata a keken guragu, wata makauniya an riƙo hannunta. Gwaggo ta fito ta zauna a benci, ta ɗage nikabi, ya sumbaci kanta. Sannan ta ce masa da Hausa, don in ji da kyau, ya gaisa da surukarsa, ita ce ta ɗaura musu aure.

Da aka yi masa bayani sai da ya nemi wurin zama saboda dariya, yana share idon nan mai fari da gefen rawani. Ya ce da ma tun suna yara take cinye masa rabonsa, yanzu kuma za a ce ya ciyar da ita. Mushrifa ta kira wakilin a waya ta miƙa masa. Ban ji duk abin da suka ce ba, amma na ji Baba yana ambaton mahaifiyarsa da tsohon lungunsu, yana cewa shan nonon ba sau biyar ɗin da ake sharɗantawa a nan ba ne kawai, shekara biyu ne cur. Wakilin tsohon ɗan Makka ne, ashe shi ma yana da 'yan'uwan nono da bai san adadinsu ba. Ya ce a yaga takardar, ɗaki na mai shi ne.

Na sauke ajiyar zuciya, amma mushrifa ba ta ajiye wayar ba. Mata uku ne, ɗaki biyu. Wakilin ya ce a mayar da komai yadda yake: Hajiya ta koma sama, sabuwar ta fita ta jira layi.

Hajiyar Damagaram ta daina fara'a. Ta ce da zama ta sauko, matakala bayan matakala, ta yi wajen awa guda, tana saukowa tana yi wa kowane hawa ban kwana. Ba ta ce ba za ta koma ba, ta dai kalli matakalar. Sabuwar kuwa tana tsaye a jikin bango, 'yar siririya, ta damƙe makullin a hannu.

Gwaggo ta juya ta leƙa ɗakinta ta ƙofar da ke buɗe. Ta tambayi mushrifa ko sharaɗin mai wakafi ya hana mutum biyu zama ɗaki ɗaya. Mushrifa ta je gaban gilashin ta karanta daga sama har ƙasa, ta ce bai hana ba, in mai ɗakin ta yarda.

"To a shigo da katifar," in ji Gwaggo. "Amma gefen taga nawa ne. Kuma ke Hajiya, na ji labarin minsharinki tun daga hawa na uku."

Hajiya ta ce ita ma ta ji labarin bakin Gwaggo tun daga Damagaram.

Ni na ja akwatin ƙarfen na shigar, ni na naɗe likkafanin na mayar ƙasan kaya. Zannuwan biyu kam ba su dawo ba, Gwaggo ta ce kyauta ba ta dawowa, amma duk ranar da ta ga ɗaya a jikin wadda ta ba, sai ta kalle ni. Lallen kuma ta ce ba za a bari ya lalace ba, ta sa na ƙunsa musu a ƙafa su biyu. A mota da na ba mijina labari, sai da ya tsaya a gefen titi saboda dariya. Ya ce da na tambaye shi, kalma ɗaya ce.

Daga ranar zuwana ya koma sau biyu a sati, Litinin da Alhamis, saboda aikin ya zama na mutum biyu. Gwaggo ta yi shekaru tana jiran ɗakin ƙasa nata ita kaɗai, ni na jawo mata abokiyar zama mai son sanyi. Hajiya tana so na'urar sanyaya ɗaki ta kwana a kunne, Gwaggo ta ce sanyin yana shiga mata ƙashi. Duk zuwana sai na tarar da shari'a, kowace tana so in ba ta gaskiya. Na koyi cewa a bar ta a kunne a rufa wa Gwaggo bargo. Da wani ɗakin ƙasa ya samu bayan shekara ɗaya da wani abu, aka ce Hajiya ta koma can, su biyun suka ce a ba makauniyar da ke hawa na biyu, su sun riga sun saba da faɗansu.

Na karanta takardar zauren daga baya, mijina yana fassara mini inda na kasa. Littattafaina suna nan, har Hajiya takan sa in karanta musu, ita tana tausaya wa masoyan, Gwaggo tana tambayar sana'ar yaron.

Wata Alhamis na fito da shayi zaure, na ga Baba ya zo da damin na'ana'a biyu. Ya ba Gwaggo ɗaya. Ɗayan ya ajiye a ƙarshen benci, ya ce a miƙa wa Hajiya, ya ji an ce tana son shayi mai ƙamshi. Daga cikin ɗaki na ji Hajiya tana tambaya ina sabon mayafinta. Ita dai a Damagaram aka haife ta, babu nonon da ya haɗa su.

Na ɗago kai, ashe Gwaggo ni take kallo.

"'Yar Kano," ta ce, "zuba shayi."

Na zuba.